Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Ake Ƙiyasta Ruwan Da Noman Rani Ya Sha A Kwarin Kogin Haɗeja Da Jama'are

Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu daga fagen aikina, wato harkar ruwa, da sharaɗin kada in cika muku kunne da turancin injiniyoyi. Na zaɓi in yi magana a kan tambaya guda ɗaya, mai sauƙin yi, mai wuyar amsawa: daga lokacin da aka fara manyan ayyukan noman rani a ƙasar Kano zuwa yau, ruwa nawa gonakin nan suka sha daga kogin Haɗeja? Na san a zauren nan akwai mutumin Kura da Bunkure, akwai na Auyo da Haɗeja, akwai kuma na Nguru da Gashuwa. Kogi ɗaya muke sha duka, amma in aka tashi maganar ruwansa kowa da irin labarin da yake bayarwa. Na sama yana cewa ɗan abin da ya ɗiba bai taka kara ya karya ba, na ƙasa kuwa yana cewa an shanye masa kogi. Babu abin da zai raba wannan gardama sai lissafi, shi ya sa nake roƙon malamanmu na lissafi da na labarin ƙasa su saurara da kyau, in na kauce su gyara mini kamar yadda suka saba.

Kogin da muke magana a kansa

Kogin Kano da kogin Calawa su ne suke haɗuwa kafin a kai Wudil, su zama kogin Haɗeja. Shi kuma kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci ta Jama'are da Katagum. Kogunan biyu suna bajewa a babbar fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira daga nan ya tattaru wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe. Daga nan sai Gaidam, sai ya zama iyaka tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar ta wajen Difa, inda 'yan'uwanmu ke noman tattasai da shi, kafin ya faɗa Tafkin Cadi.

Akwai abu biyu game da wannan kogi da ya kamata mu riƙe. Na farko, ruwansa daga kudu yake zuwa. A tsaunukan Jos ruwan sama yakan haura milimita 1,200 a shekara, a Kano yakan tsaya tsakanin 800 da 900 in an ɗauki matsakaicin shekaru masu yawa, a Nguru kuwa wajen 500 ne ko ƙasa da haka. Wato kogin yana ɗauko ruwa daga inda ake da shi ya kai inda ake ƙishinsa. Na biyu, daga sama har zuwa wajen Wudil ƙarƙashin ƙasar dutse ne, saboda haka kogin ƙaruwa yake yi. Daga nan zuwa gabas kuwa rairayi ne da laka mai zurfi, sai kogin ya koma raguwa, wani ruwan ya nutse ya cika rijiyoyin mutane, wani ya bazu a fadama rana ta ɗauke shi. Tun kafin a gina dam ko ɗaya, ruwan da ke wucewa ta Gashuwa bai kai wanda ke shiga fadamar ba.

Abin da ya canza

Iyayenmu sun daɗe suna noman rani a bakin wannan kogi da jigo da guga, suna shuka albasa da alkama da kayan miya. Amma jigo ƙarfin mutum ne iyakarsa, ɗan lambu kaɗan yake iya shayarwa. Babban canji ya zo ne zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da aka gina dam na Bagauda a 1970, aka fara gwajin noman rani na zamani a Kadawa, sa'an nan aka kammala dam na Tiga a 1974. Tiga, yadda aka gina shi da farko, yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Kubik mita ɗaya shi ne lita 1,000, wato jarka 40 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Daga Tiga ruwa yake bin babbar magudana ta Ruwan Kanya ya isa gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure ba tare da inji ba, gangara kawai yake bi. An tsara kashin farko na wannan shiri a kan hekta 22,000, ko da yake an daɗe ba a kai ga shimfiɗa shi duka ba.

A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kwarin koguna, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka kammala dam na Calawa, wanda ke riƙe abin da ya ɗan gaza biliyan ɗaya, aka kuma yi shingen ruwa a wajen Auyo domin shirin noman rani na kwarin Haɗeja. Tiga da Calawa su biyu suna riƙe da linzamin kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Kogin Jama'are ne kaɗai ya rage ba shi da babban dam, domin na Kafin Zaki da aka fara an dakatar da shi, kuma gardamar a ci gaba da shi ko a bari ita ma a kan wannan lissafi ta rataya.

Akwai canji na biyu da ba a cika ambatonsa ba domin ba a yi bikin buɗe shi ba. A shekarun 1980 ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur suka shigo ta hannun hukumomin raya aikin gona na jihohi, tare da gajerun rijiyoyin da ake haƙawa a fadama. Da aka hana shigo da alkama a 1987, mutane da yawa suka faɗa nomanta. Shirin fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990 ya ƙara yaɗa injinan. Kowane inji ƙarami ne, amma da suka kai dubbai, kuma babu mai rubuta abin da kowannensu ya zuƙa, sai suka zama babban giɓi a cikin lissafin kogi.

Ɗiba daban, sha daban

Kafin a fara kowane ƙiyasi dole a bambanta ruwan da aka ɗiba da ruwan da aka sha. In manomi ya buɗe ruwa a gonarsa, wani kaso shuka ce ke zuƙarsa ta saiwa ta fitar da shi ta ganye kamar gumi, wani kuma rana ce ke ɗauke shi daga saman ƙasa. Waɗannan biyun sun tafi sama ke nan, kogin ba zai sake ganinsu ba, kuma su ake nufi da ruwan da aka sha. Ragowar kuwa ko dai ya malale ta magudanar ƙarshen gona ya koma rafi, ko ya nutse ƙasa ya haɗu da ruwan rijiya. Wannan bai ɓata ba, wuri ya canza. Sau da yawa abin da mai duba gona a Kadawa zai kira asara, shi ne wani manomi a can gaba yake zuƙowa da injinsa ya shayar da tumatirinsa. Wanda ya kasa raba waɗannan biyun zai ƙirga ruwa ɗaya sau biyu, ya ɗora wa manoman sama laifin da ya fi nasu, ko kuma ya yi alkawarin tsimin ruwan da babu shi.

Yadda ake lissafin

Tun da babu ma'auni a bakin kowace gona a shekarun da suka wuce, sai a biyo ta bayan gida. A nemi sanin faɗin filin da aka shayar a kowace shekara, da irin amfanin da aka shuka, da ƙishin da yanayin wannan shekara ya jawo, sai a haɗa su.

Ƙishin yanayi shi ne zurfin ruwan da fili mai ciyawa kore, wanda bai rasa ruwa ba, zai fitar zuwa sama a rana ɗaya. Abu huɗu ne ke jawo shi: hasken rana, zafi, iska da bushewar iskar. Kowace mace da ta taɓa shanya wanki ta san wannan, domin kayan da za su wuni ba su bushe ba a watan Agusta, da hunturu kafin a gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Wani masani ɗan Ingila, Howard Penman, shi ya fitar da ƙa'idar lissafa wannan a 1948, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara yadda za a yi amfani da ita a littattafan da ta buga a 1977 da 1998. A tashoshin duba yanayi akan kuma ajiye wani faffaɗan daro na ƙarfe, mai faɗin wajen santimita 120, a cika shi da ruwa, kullum da safe a auna abin da ya ragu.

Sai dai kowace shuka da irin shanta, kuma shan yana canzawa da girmanta. Alkama tana jaririya ba ta shan fiye da sulusin abin da wancan fili mai ciyawa ke sha. In ta rufe ƙasa ta fara fitar da kai takan ɗara shi kaɗan. In ta fara nuna kuma sai shan ya faɗi. Ƙiyasin da hukumar da na ambata ta bayar na shan shuka daga shukawa zuwa girbi shi ne: alkama milimita 450 zuwa 650, albasa 350 zuwa 550, tumatir 400 zuwa 800, masara 500 zuwa 800, rake kuwa, da yake shekara guda yake yi a gona, 1,500 zuwa 2,500. Shinkafa ita kanta 450 zuwa 700 take sha, amma da yake a cikin ruwa ake tsayar da ita, abin da ake zuba mata ya fi haka nesa, musamman a ƙasa mai rairayi.

Bari mu yi misali tare, kamar muna aji huɗu. Abin da za ku riƙe shi ne milimita ɗaya a kan hekta ɗaya daidai yake da kubik mita 10. A ce manomi ya shuka alkama hekta ɗaya a tsakiyar Nuwamba, ya girbe bayan kwana 120. A ce ƙishin yanayi milimita 6 ne a rana, kuma in an daidaita ƙuruciyar alkamar da girmanta da tsufanta tana shan kashi uku cikin huɗu na wannan. Ke nan milimita huɗu da rabi a rana, sau 120, ya ba mu milimita 540. Da rani babu ruwan saman da za a cire, saboda haka hektar nan ta sha kubik mita 5,400, wato jarka 216,000. In ta ba da buhu 30 mai kilo ɗari, kowane kilo na alkama ya tashi a kan lita 1,800, jarka 72 ke nan. Mai cin taliya da burodi sai ya riƙa tunawa.

To, wannan shi ne abin da aka sha. Abin da aka saki daga dam ya fi haka, domin ruwa yana yoyo a magudana, wani yana wuce gona, wani kuma ana sakinsa cikin dare babu mai tarbarsa. A irin ban ruwan da ake yi ta magudanar ƙasa, ba abin mamaki ba ne rabi kawai ya isa ga saiwar shuka. In haka ne, sai an saki kubik mita 10,800 kafin hektar nan ta ƙoshi. In muka ɗauki hekta 10,000, an sha miliyan 54, an saki miliyan 108, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce ina ɗaya miliyan 54 ɗin ta shiga, nawa ya koma kogi, nawa ya kwanta a kududdufi ya ƙafe.

Akwai wani mashayin da ba ya noma komai, shi ne tafkin dam ɗin kansa. A yanayin ƙasarmu buɗaɗɗen ruwa yakan rasa zurfin kusan mita biyu a shekara. Tafki mai faɗin murabba'in kilomita 100 zai aika da kubik mita miliyan 200 sama a shekara, kuma Tiga in ya cika ya fi wannan faɗi. Gaskiya ne ruwan sama da ke sauka a kansa yana mayar da wani kaso, amma duk da haka abin da rana ke ɗauka daga tafkin yana iya yin kafaɗa da kafaɗa da abin da gonakin suka sha. Adalci shi ne a rubuta wannan a shafin noman rani da ruwan shan birni, tun da dominsu aka tare ruwan.

Ina za a samo labarin shekarun baya?

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne yake kama da aikin masu tarihi. Ruwan sama mun fi sa'a da shi, domin a Kano ana rubuta shi tun 1905, kuma tashoshin jiragen sama da na binciken aikin gona sun ajiye bayanin zafi da iska na shekaru masu yawa. Akwai kuma sandunan auna tsayin kogi a wurare irin su Wudil da Haɗeja da Gashuwa, inda ma'aikaci kan je safe da yamma ya rubuta inda ruwa ya kai. An yi wannan aiki da himma a shekarun 1960 da 1970. Daga shekarun 1980, da kuɗi suka ja baya a ƙasar nan, tashoshin auna koguna da yawa suka lalace, littattafai suka yi giɓi, wasu kuma gara ta riga masu bincike isa gare su.

Faɗin filin da aka noma shi ne ya fi ba da wahala. Rahoton ofis yakan ba da filin da aka tsara ko wanda aka gyara, alhali abin da ake buƙata shi ne wanda aka shuka aka kuma shayar a wannan shekarar. Tsakanin waɗannan akwai rata mai yawa. Abin da ya cece mu shi ne hotunan sama. Akwai waɗanda aka ɗauka daga jirgi tun kafin a gina madatsun, sa'an nan daga 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Landsat, wanda shi da magadansa suke ɗaukar hoton kowane yanki na duniya kusan sau biyu a wata. Daga 2008 aka buɗe rumbun waɗannan hotuna kyauta ga kowa. Ƙasarmu kuwa tana da sauƙin karantawa, domin a watan Fabrairu duk inda ka ga kore shar a Kano ko Jigawa, to ruwa ne ya kai wurin. Ɗalibi mai kwamfuta a yau zai iya jera hotunan Kura na shekara arba'in ya ga yadda koren ya yi ta faɗaɗa.

Hoton ma yana da iyaka. Na farkon ba sa rarrabe abin da bai kai faɗin mita 80 ba, daga 1982 aka samu masu ganin mita 30, alhali lambun talaka sau da yawa bai kai haka ba. Ƙurar hunturu takan dusashe hoton. Kuma daga sama da wuya a bambanta shinkafa da ciyawar kacalla, ko alkama da albasa. Saboda haka dole a sauko ƙasa a tambayi mutane. Dattijon da ya yi noma a wuri ɗaya shekara hamsin ya san shekarar da ya ajiye jigo ya sayi inji, ya san lokacin da garinsu ya bar alkama ya koma tumatir, da lokacin da shinkafar rani ta mamaye fadama bayan 2015. Sarkin ruwa ya san shekarun da ambaliya ta kai gindin wace bishiya. Wannan shaida ce da ake jerawa kusa da hoton tauraro, kowanne ya gyara ɗan'uwansa.

Bayan an gama wannan lissafi daga gona, sai a gwada shi da na kogi. A ɗauki wani yanki, a ce daga Wudil zuwa Haɗeja, a auna abin da ya shiga da abin da ya fita, kamar yadda ɗan kasuwa ke duba kayan da ya saro da wanda ya rage a shago. Bambancin dole ya yi daidai da abin da gonaki suka sha, da wanda ya ƙafe, da wanda ya nutse. In lissafin biyu suka yi hannun riga, akwai kuskure a wani wuri, sai a koma a nemo shi. Kuma mai gaskiya a wannan fage ba ya ba da lamba ɗaya tak, sai dai ya ce daga kaza zuwa kaza, domin in faɗin fili ya kauce da kashi ɗaya cikin biyar, amsar ma da haka za ta kauce.

Fari ne ko dam ne?

Babbar matsalar kogin Haɗeja ita ce abubuwa biyu sun faɗo masa lokaci ɗaya. An gama Tiga ne a ƙarshen farin 1972 zuwa 1974, lokacin da ruwan saman Kano a 1973 bai kai milimita 500 ba, sa'an nan wani farin ya biyo baya a 1983 da 1984. Ambaliyar fadamar Haɗeja da Nguru, wadda takan rufe wajen murabba'in kilomita 2,000 a shekarun ruwa kafin nan, ta dawo ƙasa da 500 a 1993. Masunci da makiyayi da mai shinkafar fadama duka sun ji a jikinsu. Wane ne ya jawo?

Yadda masana ke raba su shi ne su gina kogin a cikin kwamfuta, su gwada shi da shekarun da ake da cikakken awo har ya riƙa ba da amsa daidai, sa'an nan su cire madatsun su sake zuba masa ruwan saman shekarun farin. Abin da ya fito shi ne kogin da za a samu da ba a gina komai ba, kuma ratar da ke tsakaninsa da kogin gaske ita ce hannun ɗan'adam. An yi irin wannan aiki ƙarƙashin shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru da aka kafa a 1987, tare da masana irin su Ted Hollis na Landan da William Adams na Kambirij. Sakamakon ya nuna fari yana da nasa kason, madatsun ma suna da nasu, musamman wajen rage kumburin kogi na Agusta da Satumba wanda shi ne ke cika fadama. Wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka ƙara da lissafin kuɗi a farkon shekarun 1990, inda suka nuna cewa in aka haɗa noma da su da itacen da fadamar ke bayarwa, kowane kubik mita da ya isa can ya fi kawo amfani a kan wanda aka kashe a shirin kogin Kano na wancan lokaci. Ana iya muhawara a kan alƙalumansu, noman Kura kuma ya bunƙasa ƙwarai tun daga lokacin, amma sun kawar da tunanin da ake yi a da cewa ruwan da ya wuce zuwa fadama ruwan banza ne.

Lokacin zuwan ruwan ma yana da nasa tasiri. Da can kogin yakan bushe da rani. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, ƙasa ta daina bushewa, ciyawar kacalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Sai aka wayi gari wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma ƙasa da su ruwan ba ya isa gare su. Ita kanta kacallar mashayiya ce babba, kuma duk ƙiyasin da ya manta da ita zai ɗora shanta a kan manomi.

Tafkin Cadi ya ba mu darasi biyu a kan haɗarin ƙiyasi. Tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. An tsara babban shirin noman rani na kudancin Cadi a ƙasar Marte, sama da hekta 60,000, bisa awon shekarun ruwa, kafin a ci moriyarsa tafkin ya janye ya bar bakin magudanar a tudu. Sa'an nan a 2001 wasu masana biyu daga Amurka, Michael Coe da Jonathan Foley, suka buga binciken da ya ɗora wa noman rani kusan rabin laifin janyewar tafkin a shekarun baya-bayan nan na lokacin, maganar kuma ta zagaya duniya. Masana da suka biyo baya suka sake duba abin da ake ɗiba a zahiri, suka ga bai kai haka ba, ƙarancin ruwan sama ne babban dalili, kuma tafkin ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990. Ya kamata mu kuma sani cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan kogi da ke shiga tafkin daga Shari da Logon yake zuwa. Kogin Yobe ɗan kaɗan yake kaiwa. Saboda haka Tiga ba shi ya janye Tafkin Cadi ba, amma a wurin mutumin Gashuwa da Gaidam da Difa, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne rayuwarsa.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce, ruwan da aka riga aka sha mene ne amfanin ƙirga shi? Amfaninsa shi ne duk rabon da za a yi gobe a kansa zai tsaya. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci. A 2006 jihohin da ke kwarin nan suka yi taro a Damaturu suka amince su riƙa tafiyar da kogin tare. Birnin Kano yana ƙara girma, ruwan shansa kuma daga kogunan nan yake fitowa ta Tamburawa da Calawa. Ana son a faɗaɗa noman shinkafa da alkama don a rage sayowa daga waje. Ambaliyar 2022 kuma ta tuna wa mutanen Jigawa cewa kogin da ake kukan ƙarancinsa yana iya zuwa da yawan da zai rushe gidaje. Ba za a iya cewa ga rabon Kano, ga na Jigawa, ga na Yobe ba, sai an san abin da kowa ya saba sha, da abin da kogin ke iya bayarwa a shekarar fari. In babu lissafi, mai ƙarfi ne zai sha, kuma a harkar kogi mai ƙarfi shi ne wanda yake sama.

A cikinmu akwai manyan ma'aikata a ma'aikatun ruwa da na aikin gona. Ina roƙonku, duk wanda ya san akwai tsofaffin littattafan awon ruwa ko taswirori a ɗakin ajiyar ofishinsa, ya sa a kakkaɓe su a ɗauki hotonsu shafi-shafi, ko da wayar hannu ce, a miƙa kwafi ga jami'a mafi kusa. Awon da aka yi a 1968 in ya ɓace, babu kuɗin da zai dawo da shi. Masu noman rani a cikinmu, ku riƙa rubuta ranar shuka, da sau nawa kuka ba da ruwa, da awa nawa inji ya yi yana aiki. Zai nuna muku inda fetur ɗinku yake tafiya, ya kuma zama shaida ga na baya. Masu koyarwa a jami'a, ku tura ɗalibai su zauna da dattawan bakin kogi tun suna raye.

Makarantarmu kuma tana iya ba da nata. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada, abin da yake buƙata shi ne wanda zai duba shi kowace safiya ya rubuta, har da ranar da ba a yi ruwa ba. In aka ɗora wa 'yan ajin labarin ƙasa wannan aiki, aji ya miƙa wa aji, cikin shekara talatin makarantar za ta mallaki abin da masu bincike za su zo nema daga nesa, yaran kuma za su tashi sun san cewa milimita ɗaya a kan hekta ɗaya jarka 400 ce.